Amurka: Korar mai awo ba ta cika mudu

Ranar 1 ga Agustan 2025 Shugaba Donald Trump ya sallami Erika McEntarfer, shugabar BLS, hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka, sa'o'i kaɗan bayan hukumar ta zaftare ayyuka 258,000 daga abin da ta sanar na watannin Mayu da Yuni. Zarginsa shi ne an murɗe alƙaluman don a kunyata shi. A ganina, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Adadin ayyukan da ake ta kururuwa a kansa duk farkon wata kintace ne. Kamfanoni da ma'aikatu kusan dubu 120 ake tambaya, wasu su amsa da wuri, wasu su makara, wasu ma su yi kunnen uwar shegu, musamman tun bayan korona. Ƙidayar gaske tana wani wuri daban, inda ba kasafai 'yan jarida ke leƙawa ba.

Tun dokar 1935 kowace jiha ke tafiyar da inshorar rashin aiki, asusun da ke tallafa wa wanda ya rasa aikinsa kafin ya samu wani. Duk mai ɗaukar ma'aikata da dokar ta hau kansa sai ya biya haraji a asusun, kuma duk wata uku sai ya miƙa wa jiharsa takarda: mutum nawa ke kan albashi a lokacin biyan da ya haɗa da ranar 12 ga kowane wata, kuma nawa ya biya su jimilla. Mai gidan burodi a Ohio da katafaren banki a New York duk layi ɗaya suke bi. Jihohi su tattara su tura wa BLS, ita kuma ta fitar da ƙidayar da ake kira QCEW, gunduma-gunduma, sana'a-sana'a. Ta ƙunshi fiye da kashi 95 cikin 100 na ayyukan albashi a ƙasar. Abin da ya sa na fi yarda da ita mai sauƙi ne: ba ɗan kasuwar da zai ƙirƙiro ma'aikatan bogi don ya ƙara wa kansa haraji.

Aibinta jinkiri ne, sai an jira wata biyar zuwa shida. Shi ya sa sau ɗaya a shekara ake ɗora kintacen a kan ƙidayar watan Maris a ga gibin. A Agustan 2024, zamanin Biden, hasashen farko ya nuna an yi aringizon ayyuka 818,000, daga baya aka tsaya a 598,000. A Satumban 2025, makonni kaɗan bayan tafiyar McEntarfer, sabon hasashen ya kai 911,000. Matar ta tafi, gibin ya ƙaru. Fadar White House ta ce wannan ya gaskata zargin Trump, kuma ban musa ba cewa kintacen na buƙatar gyara, musamman yadda yake lissafa sabbin kamfanoni da waɗanda suka rufe. Amma wa ya tona gibin? Hukumar ce da kanta, da takardun harajin jihohi. Mai maguɗi ba ya kai kansa gaban ma'auni duk shekara.

Inda nake da ƙorafi na gaske shi ne waɗanda mudun bai ɗauka ba. Mai sana'ar kansa ba ya ciki. Haka sojoji, da ma'aikatan jirgin ƙasa da ke da nasu tsarin, da yawancin leburorin ƙananan gonaki, da duk wanda ake biya hannu da hannu. Ɗan'uwanmu da ke tuƙa Uber tun asuba, muddin ɗan kwangila aka ɗauke shi, takardar ba ta san da zamansa ba. Sannan guraben aiki ake ƙirgawa, ba kawuna ba. Matar da ke jinyar tsofaffi da rana, ta koma shara a ofis da dare don kuɗin haya su cika, sau biyu take fitowa, kuma ɗan siyasa zai hau mumbari ya ce ayyuka sun ƙaru da biyu.