Mai korar dukiya waje

Sai da ɗiyata ta fara karatun Latin a makarantar sakandare a nan Italiya na san asalin kalmar prodigo, wadda Italiyawa ke kiran almubazzari da ita. Daga prodigere ta fito, wata kalma ta Latin, harshen Rumawan da, kuma ma'anarta ta farko ita ce koro abu waje, kamar yadda ake koro dabbobi. Tamu kuwa, almubazzaranci, daga Larabci muka aro ta, daga saiwar da ke nufin watsa iri. Su suna ganin garke ya fice, mu muna ganin hatsi a ƙasa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Rumawa ba su bar maganar a baki ba. Tun a dokokinsu na Alluna 12, wajen shekara 450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutumin da ke facaka da gadon gidansu ana iya hana shi taɓa dukiyar, a ɗora wani daga dangin uba ya kula da ita. Har yau sashe na 415 na kundin dokokin zamantakewa na Italiya, na shekarar 1942, ya ba kotu damar taƙaita ikon wanda ɓarnarsa za ta jefa shi ko iyalinsa cikin mummunar asara.

To mu ma ai muna da wannan. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a miƙa wa wawaye dukiya, malaman fiƙihu kuma suna da babi guda a kan hajru, wato hana mutum sarrafa dukiyarsa. An karantar da mu. Amma yaushe rabon da ka ji dangi sun tashi tsaye a kan mai ci da gado? Sai dai a yi masa kirari a wurin biki yana liƙi, maroƙa na zuga shi. Ranar da gidan ya tafi, kowa ya ce ƙaddara ce.

Na gani a danginmu. Gonar da kakanmu ya bari aka sayar don lefe da kwana bakwai na shagali, kuma babu babba ko ɗaya da ya ce uffan, wai kada a ɓata zumunci. Yanzu ƙannen angon mata uku ne ba su da kuɗin makaranta, kuma ni ake bugo wa waya duk ƙarshen wata. Ina turawa, don ba su suka sayar ba.