Woodrow Wilson da uzurin "ai zamaninsa ne"

A watan Yunin 2020 Jami'ar Princeton ta kankare sunan Woodrow Wilson daga makarantarta ta nazarin mulki da hulɗar ƙasashe, saboda halinsa na wariyar launin fata. Shi ne ya shugabanci jami'ar daga 1902 zuwa 1910, kafin ya zama gwamnan New Jersey, sannan shugaban Amurka na 28 daga 1913 zuwa 1921. Masu kare shi suka taso da uzurin da aka saba ji: ai zamaninsa ne, kowa ma haka yake a lokacin. Ni dai uzurin nan bai shige ni ba.

Ba na hana shi haƙƙinsa. A hannunsa aka kafa babban bankin Amurka a 1913. Shi ya shigar da ƙasar Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1917, shi ya dage aka kafa ƙungiyar ƙawancen ƙasashe wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, har ya ci kyautar Nobel ta zaman lafiya ta 1919.

To amma a duba abin da ya tarar da abin da ya bari. Kafin hawansa, baƙi da farare na aiki kafaɗa da kafaɗa a ma'aikatun tarayya da dama a Washington. Da zuwansa ministocinsa na gidan waya da baitulmali suka fara raba su: ban-ɗaki daban, wurin cin abinci daban, a wasu ofisoshin ma aka gitta shamaki tsakanin tebur da tebur. A 1914 aka ce mai neman aikin gwamnati sai ya haɗa da hotonsa. Kowa ya san me ake dubawa a hoton. Wanda ya tarar da ƙofa a buɗe aka rufe ta a gabansa da yardarsa, yaya za a ɗora wa zamani laifin?

Kuma mutanen zamanin nasa sun faɗa masa ido da ido. A Nuwambar 1914 William Monroe Trotter, ɗan jarida baƙar fata daga Boston wanda ya mara masa baya a zaɓen 1912, ya jagoranci tawaga zuwa Fadar White House. Wilson ya nuna musu cewa wariyar ba wulaƙanci ba ce, amfaninsu ce. Trotter ya ƙi haɗiye maganar, ya mayar masa da martani. Shugaban ya fusata, ya ce yanayin maganar Trotter ya ɓata masa rai, ya sallame su.

A taron sulhu na Paris a 1919 ma hali bai sauya ba. Japan ta nemi a sa batun daidaito tsakanin mutane ba tare da bambancin launin fata ba cikin yarjejeniyar sabuwar ƙungiyar. Wakilai 11 cikin 17 suka amince. Wilson, wanda ke kan kujerar shugabancin zaman, ya yanke cewa sai in kowa ya yarda, magana ta mutu. Misirawa, da suka ji yana wa'azin kowace al'umma ta zaɓi makomarta, sun ɗauka da su ake. A Afrilun shekarar Amurka ta amince da ikon Ingila a kan Masar. Ga kuma sojojinsa zaune a Haiti tun 1915, ba su fita ba sai 1934.

Abin ya taɓo mu ma. Yankunan da aka ƙwace daga Jamus, irin su Kamaru da Togo, an miƙa su ga Ingila da Faransa da sunan riƙon amana a ƙarƙashin ƙungiyar da Wilson ya dage aka kafa. Masu kare Wilson na cewa ba don shi ba da haɗiye su za a yi kai tsaye, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin riƙon amanar ya tilasta wa Turawa kai rahoto duk shekara. Sai dai an ba kura ajiyar nama, rahoton kuma ita ke rubutawa. Mutanen Mubi da Dikwa da Gwoza, waɗanda a da suke cikin Kamarun Jamus, ba wanda ya tambaye su inda suke so su zauna sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1959, shekara 35 bayan mutuwar Wilson.