Aikin Yini Ɗaya da Ya Ci Mako Uku

Motata ƙirar MGB ce ta shekarar 1972, ɗaya daga cikin ƙananan motocin nan masu kujera biyu da aka yi ta ƙerawa a garin Abingdon na ƙasar Ingila daga 1962 zuwa 1980. Injinta yana tashi lafiya lau, fentinta ma ba ya ba ni kunya, amma kafet ɗin cikinta ya kai matsayin da duk wanda ya shiga sai ya tambaye ni ko wani abu ne ya mutu a ƙarƙashin kujera. Rufinta na tamfol ne, shi kuwa tamfol idan ya kwana biyu ba ya hana ruwan sama shiga, sai dai ya nuna masa hanya. Saboda haka na yi odar sabon kafet wanda aka riga aka yayyanka daidai da cikin motar, sannan na shaida wa mutanen gida, cikin murya irin ta wanda ya san abin da yake yi, cewa aikin ba zai wuce yini ɗaya ba.

Kafin a taɓa kafet dole ne a fitar da kujeru, kowace kujera kuma noti huɗu ne ke riƙe da ita. Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, an ƙera motar da ma'aunin inci, alhali sifanonina duk na milimita ne. Kan notin 7/16 ne na inci. Sifana mai lamba 11 ta ƙi shiga saboda tsatsar da ta kumbura shi, mai lamba 12 kuwa ta shiga cikin sauƙi ta yi ta juyawa har sai da ta mayar da kan notin mulmulalle kamar ƙwallo. Na kwashe awa huɗu a durƙushe, kaina a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafuna a waje, kafin na fitar da kujerar farko da taimakon guduma da kurfi. Da na yaye tsohon kafet ɗin, abin da na fara cin karo da shi, kwance cikin ruɓaɓɓen soso, shi ne sifana mai lamba 7/16 wadda wani daga cikin tsofaffin masu motar ya manta a wurin.

Abu na biyu da na gani shi ne daɓen gareji, domin tsatsa ta ci ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar direba har ta buɗe ramin da hannuna yake wucewa ta ciki. Ashe shekara da shekaru tsohon kafet ɗin da nake rainawa shi ne yake raba tafin ƙafata da kwalta. Tun da irin wannan mota gangar jikinta ita ce ƙashin bayanta, ba ta da wani shasi na dabam, wajibi ne a kira mai walda. Kafin ya kunna wuta sai da ya buɗe murfin ƙarfen da ke bayan kujeru, inda batura biyu masu ƙarfin bolt 6 kowanne suke zaune, ya cire musu waya. Da zai tafi ya dube ni ya ce, "Malam, na cire kan batir, ka tuna ka mayar da shi kafin ka rufe wurin." Na gyaɗa kai cikin ɗan jin haushi, domin a ganina wannan ba irin maganar da ake tuna wa mutum kamata ba ce.

Mako guda bayan yinin nan ɗaya na zazzage kwalin sabon kafet, sai ga gutsattsari baƙaƙe fiye da goma, babu wanda aka rubuta wa suna, wasunsu kuma ba su yi kama da kowane sashe na kowace mota ba. Na kira ƙanena ya kama mini, ko da yake yawancin taimakonsa bai wuce tsayawa yana riƙe da ƙugu ba. Gam ɗin da ake wannan aiki da shi yana da doka: a shafa shi a ƙarfe, a shafa a bayan kafet, a jira ya sha iska, sannan a haɗa su, kuma da zarar sun taɓa juna babu sauran shawara. Wurin da ya fi wuya shi ne tudun da ke saman tayar baya, wanda ya lanƙwasa ta kowace fuska, alhali kafet a miƙe yake kuma ba ya son a canza masa hali. Na manna gefe ɗaya, ɗaya gefen ya tattare. Na ja shi da ƙarfi, ya ɓalle ya naɗe a hannuna. Na durƙusa domin in duba da kyau, gwiwar wandona ta manne da dokin ƙofa. Ga shi mun rufe gareji saboda ƙura, don haka warin gam ya cika mana kai har na wayi gari ina yi wa hambirki bayanin matsalata dalla-dalla.

Da aka zo huda ramukan notin kujera da na bel, na ɗauko injin huda, domin na ga cewa soka ƙusa mai zafi aikin mutanen da ne. Bakin injin ya kama zare ɗaya, kafin in ɗaga yatsana ya riga ya warware layi guda tun daga kujera har gindin giya, ya naɗe shi tsaf a jikinsa. Ƙanena ya ce, "Yaya, idan ka ci gaba kaɗan za mu samu abin ɗinka wandon naka." Sauran ramukan da ƙusa mai zafi na huda su.

Sai da muka shimfiɗa na ƙasa muka lura cewa facin robar da ake ɗinkawa domin dugadugan direba yana ɓangaren fasinja. An ƙera MGB iri biyu, mai sitiyari a dama domin Ingila da mai sitiyari a hagu domin Amurka da sauran ƙasashen da ke bin hannun dama, kuma mai sayar da kafet ɗin ya tambaye ni wacce ce tawa. Na tuna sarai cewa a gaban motar na tsaya ina fuskantarta lokacin da na ba shi amsa, don haka hagunta ya zama damata. Na yanke hukunci cewa fasinja ma yana da dugadugai.

A ƙarshen mako na uku komai ya koma wurinsa. Gutsuren ƙarshe, na bayan kujeru, ya zo da maɓallai, amma na ga maɓalli ba zai ba shi lafewar da nake so ba, saboda haka na shafe shi da duk gam ɗin da ya rage, na danne shi da tafin hannu har ya kwanta ba ko tattara ɗaya. Shi ne kaɗai wurin da ya fito yadda ya kamata a duk aikin. Na kira mutanen gida su shaida, na zauna a kujerar direba, na murɗa makulli, ko fitilar gaban sitiyari ba ta ƙyafta ba. Na sake murɗawa, sannan na juya a hankali na dubi kyakkyawan kafet ɗin da ke bayana, wanda batura biyu suke ƙarƙashinsa da wayarsu a cire. Ƙanena bai ce uffan ba, sai ya tafi ya ɗauko reza ya miƙo mini.