Wai sai ɗan kanti?

Wallahi abin da aka yi wa yaron nan jiya ya ƙona min rai. Yaro ya zauna da dalma da ƙarfen liƙi, ya haɗa akwatin da ke jona rediyon aika saƙo da kwamfuta, ya fito a FT8, wato tsarin da masu sha'awar rediyo ke aika gajerun saƙonni da shi ta kwamfuta, aka ji shi har Turai. Amma wani babba, mai lambar 5N (lambar kira ta masu rediyo a Nijeriya) shekara da shekaru, ya buɗe baki wai "wannan tarkacen zai ƙona maka rediyo, je ka sayi SignaLink," wato irin akwatin nan amma ɗan kanti. To sannu Injiniya, mun gode da fatawa.

Don Allah me ke cikin akwatin da kuke wa kallon tsafi? Ƙananan taransifomomin sauti ne guda biyu masu om 600, ɗaya na kai sauti daga kwamfuta zuwa rediyo, ɗaya na dawo da shi. Aikinsu su raba wayar ƙasa ta kwamfuta da ta rediyo, don kada gurnanin wutar gida ya bi sautin. Sai abin da zai danna PTT, maɓallin da ke sa rediyo ya fara aikawa, a madadin yatsanka: ɗan 4N25, makunni mai aiki da haske mai ƙafa shida, da resista, layin RTS da ke fitowa daga kwamfuta ya kunna shi. Wasu ma katin sauti mai cif ɗin CM108 suke farkewa, su ja wayar PTT daga ƙafarsa ta 13. Shi ke nan fa. Abin da yaron ya haɗa ke nan, kuma aikin da ɗan kanti ke yi ke nan. Bambancin fenti ne da dala.

Za a ce ai na kanti ya fi aminci. Aminci a ina? Mai ɓata wa jama'a 14.074, zangon da masu FT8 ke haɗuwa, ba mai akwatin gida ba ne. Wanda ya ƙure sauti ne har allurar ALC, mai nuna sauti ya yi wa rediyo yawa, ta tashi tsaye, siginarsa ta fantsama kan ta kowa. Wanda ke ƙona rediyo kuwa shi ne mai sakin wat 100 zagaye bayan zagaye ba fanka. Duk waɗannan ana yin su da akwati mai tsada, kuma mun san masu yi.

Joe Taylor, mai kyautar Nobel ta 1993, shi da Steve Franke suka fitar da FT8 a 2017, kuma WSJT-X, manhajar da ake yin FT8 da ita, kyauta ce har gobe. Masu ilimin sun bayar kyauta, kai da ka sayi akwati kawai kake hana yaro taɓa waya?

Ƙanena, ci gaba da haɗawa. Gaskiya na yi alfahari da kai. Ka dai sa waya mai sulke, ka naɗa ta a zoben ferayit, mai tare siginar da ke bin waya, kusa da rediyo.