Ku daina cewa jinin ubansa ne ya bi Harry Osborn

Gaskiya abun nan da aka saka a guruf jiya da daddare ya tsaya min a rai, duk wanda yake ciki ya san abun da nake nufi ba sai na kama suna ba. An jero hotunan bosawan Spider-Man, an liƙa Harry Osborn kusa da ubansa, aka rubuta a ƙasa wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, mutane suka bi suna ta danna alamar dariya. Na yi magana aka ce na cika ɗaukar zane da zafi. Eh na ɗauka da zafi, saboda zalunci aka yi wa yaron nan, kuma da karin magana aka yi shi, shi ya sa kowa ya gyaɗa kai ya wuce ba wanda ya tsaya ya duba.

Harry bai gaji mugunta ba. Ɗora masa ita aka yi, da hannu, shekara da shekaru, kuma wanda ya ɗora masa ɗin shi ne ubansa Norman. Wannan ita ce maganata kuma ba zan sauka daga kanta ba.

Mafi yawan masu wannan surutun fim kaɗai suka kalla, shi ma rabi da rabi suna danna waya. Ku koma komik ɗin kansa mana. Harry ya fara fitowa ne a The Amazing Spider-Man fitowa ta 31 a 1965, Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙire shi, a fitowa ɗaya da Gwen Stacy wadda daga baya ta zama budurwar Peter, lokacin da Peter Parker, wato Spider-Man, ya shiga jami'a. Ɗan mai kuɗi ne mai ɗan girman kai da baƙar magana, ba wani abu da ya wuce haka. A 1966 aka tona cewa Green Goblin ɗin da ya addabi gari ubansa ne, kuma a fitowa ta 40 akwai wani abu da har yau idan na tuna sai jikina ya yi sanyi. Norman ya ɗaure Peter yana ba shi tarihin rayuwarsa, bakinsa yana cewa shi uba ne nagari, ya yi wa ɗansa komai, amma hotunan da aka zana a gefen maganar suna nuna akasin haka, yaro ya zo yana neman ubansa uban yana korarsa don aiki ya sha masa kai, sai dai ya sayo masa kaya ya miƙa masa. Yaron da ya taso babu uwa a gida, uban kuma yana nan amma kamar babu. Tun 1966 fa marubutan suka nuna maka inda ciwon yake, kai kuma a yau ka zo kana ce min jini.

Wane jini? Shi kansa Norman ba a haife shi da haukar ba, wani sinadari ne ya fashe masa a fuska a ɗakin gwaji, bayan ya sa an kama abokin kasuwancinsa Mendel Stromm ya kwashe masa takardun bincike. Kuma a lokacin an riga an haifi Harry, yana makaranta ma. Toh ta wace hanya sinadarin da ya shiga jikin uba bayan an haifi ɗa zai koma ya shiga jinin ɗan? Wanda zai iya amsa min wannan ina saurarensa.

Abun da ya shiga jikin Harry daban ne, yunwar uba ce. Duk abun da ya yi bai isa ba, uban nan bai taɓa kallonsa ya ce madalla ba, sai ma ya riƙa yabon Peter a gabansa, talaka maraya da ke zaune da gwaggonsa, shi ne mai ƙwaƙwalwa, shi ne ɗan da ya so a ce ya haifa. Wannan ko a fim ɗin 2002 na Sam Raimi an nuna shi ƙarara, yadda fuskar Willem Dafoe da ya fito a Norman take washewa idan ya ga Peter, ga James Franco da ya fito a Harry a gefe yana kallon ƙasa. Duk da haka Harry bai tsani Peter ba, shi ne ma ya ce masa ya zo su zauna tare a gidan da ubansa ya kama masa, kyauta. Mugu ne yake haka?

A 1971 aka yi labarin ƙwaya, fitowa ta 96 zuwa 98. Wata ma'aikatar gwamnatin Amurka ce ta nemi Stan Lee ya yi labari kan illar shaye-shaye, hukumar tace komik ta lokacin ta ƙi ba su hatiminta saboda an ambaci ƙwaya, Marvel ta buga ba hatimin. Kuma waye aka zaɓa ya faɗa ciki? Harry. Budurwarsa ta lokacin Mary Jane ta yi watsi da shi, ba shi da wanda zai je ya faɗa wa, ya je ya haɗiyi ƙwayoyi har aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Wallahi duk wanda yake zaune a unguwa irin tamu ya san wannan yaron, ya gan shi da idonsa, ɗan babban gida ga mota ga waya ga kuɗin kashewa amma ba mai zama da shi minti biyar ya tambaye shi me ke damunsa, sai ranar da aka tsince shi a bayan layi sannan a fara neman wanda za a ɗora wa laifi. Norman ma haka ya yi, abokan Harry ya ɗora wa.

Nasan wani zai ce ai Norman yana son ɗansa, tunda a ƙarshen labarin nan da Spider-Man ya tilasta masa ya leƙa tagar asibiti ya ga Harry kwance sai hankalinsa ya dawo. Don Allah a bar wannan maganar. Son da sai ɗanka ya kusa mutuwa yake motsawa ba shi ne yake raya yaro ba.

Yanzu ga wurin da nake so kowa ya nutsu. 1973, fitowa ta 121 da 122, Gerry Conway ya rubuta. Norman ya jefo Gwen daga saman gada ta mutu, ya kuma turo abun hawansa mai tashi sama don ya soke Spider-Man ta baya, Peter ya goce, abun ya cake shi shi kansa a ƙirji. Akwai wani a laɓe cikin duhu yana kallo, daga baya aka gane Harry ne, yaron da ko warkewa bai gama yi ba daga wata ƙwayar da ya sake sha. Ka san me ya yi? Zuwa ya yi ya tuɓe wa gawar ubansa kayan dodon nan ya ɓoye don kada duniya ta san waye Green Goblin. Ku tsaya ku hango wannan da kyau, saurayi shi kaɗai cikin dare, yana cire koren takunkumi daga fuskar ubansa, yana zare masa riga mai jini, duk don ya rufa asirin mutumin da bai taɓa rufa masa nasa ba. Gadon da Harry ya ci ke nan, asirin da ya fi ƙarfin ƙirjinsa da kamfanin Oscorp da bai nema ba da kuma akwatin bama-bamai masu kama da kabewa. Bayan haka sai ya tsinci kayan Spider-Man a ɗakin abokin zamansa, amininsa ɗaya tilo a duniya. Wane ɗan Adam ne kansa ba zai juye ba? A 1974, fitowa ta 136, ya saka kayan ubansa. Da aka kama shi yana ihu yana cewa shi ne Green Goblin 'yan sanda ma ba su yarda ba, suka ce ya yi ƙanƙanta. Aka miƙa shi ga likitan ƙwaƙwalwa Bart Hamilton, shi kuma maimakon ya yi masa magani sai ya tatse sirrin daga bakinsa ya je ya zama Goblin da kansa. Hamilton ɗin nan jinin Osborn ne? Ko kusa. Roderick Kingsley da aka nuna masa maɓoyar Norman ya zama Hobgoblin, shi ma ɗansa ne? Su da son ransu suka ɗauka, amma su ba a yi musu karin magana ba sai Harry.

Ban ce bai yi laifi ba fa, kar wani ya juya min magana. Ya dasa bam a gidansu, ya sace Mary Jane da abokinsu Flash Thompson da gwaggon Peter, daga baya ya firgita matarsa Liz Allan da ɗansu Normie firgici mai tsanani. Laifi ne kuma nasa ne. Amma tambayar da aka jefo a guruf ba ta ko ya yi laifi ba ce, cewa aka yi dama can haka zai zama tunda ɗan wane ne. Nan ne na ƙi. Kuma abun mamaki mu da muka taso muna jin cewa wata rai ba ta ɗaukar nauyin zunubin wata, mu da muka san Ikrima ɗan Abu Jahal ne kuma ya cika yana sahabi, mu ne kuma za mu zo muna yanke wa mutum hukunci da sunan ubansa ko da a zane ne. Bakin da ya saba faɗin haka a kan zane shi ne gobe zai faɗa a kan yaron makwabta idan ya zo neman aure.

Masu cewa ai kakan ma haka yake, Amberson Osborn, ya karya dukiyar gidan ya riƙa huce haushinsa a kan Norman yana ƙarami, don haka abun a zuri'a yake. Toh ai kun taya ni ne ba ku sani ba. Uba ya gallaza wa ɗa, ɗan ya girma ya gallaza wa nasa, wannan hannu ne yake miƙa wa hannu, kuma abun da hannu yake miƙawa ana iya ƙin karɓa.

Harry kuwa ya ƙi karɓa, kuma a kan idon kowa. The Spectacular Spider-Man fitowa ta 200, 1993, J.M. DeMatteis ya rubuta Sal Buscema ya zana. Harry ya sha sabon sinadarin da ya fi na ubansa ƙarfi, ya cika gida da bama-bamai, ya yi wa Peter allurar da ta kashe masa jiki, ya kunna agogon bam ɗin da niyyar su mutu tare. Sai ya gane Mary Jane da ɗansa Normie suna cikin ginin. Ya fitar da su, sannan ya juya ya koma cikin gidan da ke shirin tashi ya ɗauko Peter, mutumin da ya yi imani shi ya kashe masa uba, ya fito da shi. Yana direwa ya faɗi, sinadarin ya cinye shi. A motar asibiti Peter ya tambaye shi dalili, amsarsa ba ta wuce cewa kai ne babban aminina ba, ya riƙe hannunsa ya cika. Norman Osborn zai yi haka? Mutumin da a 2009, bayan Marvel sun dawo da su biyun da rai, cikin labarin American Son, ya ɗinka wa ɗansa sulke ya saka shi a rundunarsa da shirin a kashe shi a bainar jama'a don mutane su tausaya masa farin jininsa ya ƙaru? A labarin nan ma Harry ya samu ubansa a ƙasa, kisa kawai ya rage, ya ajiye ya juya ya tafi. Daga baya har sunan ya yar, ya koma amsa Harry Lyman, sunan gidan mahaifiyarsa. Me kuma kuke so ya yi kafin ku yarda, ya zare jijiyoyin jikinsa?

Ko a fim ɗin 2007 da kuke taƙama da shi ai ƙarshensa ke nan, ya tare wa Peter sukan da mugun nan Venom ya kawo masa ya mutu a madadinsa. Kuma a fim ɗin ba jini ne ya tunzura shi ba, shiru ne. Norman yana mutuwa a fim ɗin 2002 ya roƙi Peter kar ya faɗa wa Harry, Peter ya riƙe alkawarin mugu ya bar amininsa cikin duhu, shi kuma dattijon nan mai hidimar gidan, Bernard, wanda ya wanke raunin gawar ya san makamin Norman ne ya kashe shi, ya ja bakinsa ya tsuke har sai da rabin fuskar yaro ta ƙone sannan ya ce bari ya faɗi gaskiya. Har yau ina jin haushin tsohon nan. Fim ɗin 2014 ne kaɗai ya maida abun ciwon gado da ake ɗauka daga uba, kuma shi ya sa Harry ɗin cikinsa bai da nauyi, an cire masa duk abun da ya sa labarinsa yake taɓa zuciya an bar shi da ƙuraje a wuya.

Abun da ya fi ƙona min rai ma su kansu Marvel sun kasa barinsa ya huta. Sun dawo da Norman a 1996, sun dawo da Harry bayan labarin One More Day, a 2018 kuma suka sa Norman ya shafa wa jikansa Normie dodon Carnage, yaro ƙarami. Kun ga dai, shi ma jikan sai da kakan ya kama shi ya ɗora masa da hannunsa, ba da shi aka haife shi ba.

Kuma tunda na ambaci fitowa ta 200, don Allah a riƙa ba Sal Buscema haƙƙinsa. Kullum yayansa John ake yabo, shi kuwa ya shafe wajen shekara takwas yana zana Spectacular kusan ba fashi, daga 1988 zuwa 1996. Shafukan ƙarshe na mutuwar Harry babu rubutu ko ɗaya a ciki, DeMatteis da kansa ya faɗa cewa da ya ga zanen sai ya ga ba ya buƙatar kalma, ya bar shi haka. Wanda zai nema ya fara daga fitowa ta 178 inda The Child Within ya soma, kar ya tsallake ta 189 ta cin abincin daren nan da Harry ya tara iyalinsa a kan tebur dole, kuma a babban allo za ku karanta ba a ƙaramar waya ba, don idanun da Sal yake zana wa Harry ba sa fitowa sosai a ƙaramin gilashi.