Tsohon jirgi mai inji ɗaya zai yi mana aiki a Bauchi da Gombe, amma ba da kayan Alaska ba

A gida, da an ce wane yana da jirgin kansa, abin da ke zuwa ran mutum shi ne jirgin alfarma mai kujerun fata, da 'yan tarba suna jira a filin Sir Abubakar Tafawa Balewa ko na Lawanti. A nan Alaska inda nake zaune, mai jirgi yana iya zama malamin makaranta ko masunci, jirgin kuma sau da yawa ya girmi mai shi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na garuruwan wannan jiha babu titin mota da ya haɗa su da sauran ƙasa, don haka ƙaramin jirgi shi ne akori-kurar mutane: shi ke kai gari da magani da wasiƙa, shi ke ɗauko mara lafiya. A tafkin Lake Hood na birnin Anchorage za ka ga ɗaruruwansu a ɗaure, wasu an ƙera su tun kafin Nijeriya ta sami 'yancin kai, kuma suna tashi har yau.

Ina da yaƙinin irin waɗannan jirage za su yi mana amfani: sintiri a kan Yankari, wadda ta haura murabba'in kilomita 2,200 kuma ƙafa da mota ba sa gama ta, gano matattarar tsuntsayen jan baki kafin su faɗa wa gonakin Dadin Kowa, ɗauko wanda kububuwa ta sara a ƙauye mai nisa domin ya isa asibitin Kaltungo da sauran numfashi. Bauchi zuwa Gombe a sama bai kai kilomita 150 ba, tafiyar da Cessna 180 ke yi a ƙasa da minti 40. Sai dai matasanmu da ke kallon bidiyon gasar gajeren tashi da sauka ta garin Valdez na nan Alaska suna ɗaukar darasin a baibai. Suna ganin manyan tayoyi. Abin koyi a nan shi ne yadda ake kula da jirgin, kayan da za a ƙara masa kuwa ƙasarmu ce za ta faɗa, ba ƙasar ƙanƙara ba.

Jiragen da ake magana kaɗan ne. Piper Super Cub ya fito a 1949, ƙashinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi, mutum biyu yake ɗauka ɗaya bayan ɗaya, wanda aka fi nema kuma shi ne mai injin Lycoming O-320 mai ƙarfin doki 150, da ke shan kimanin lita 30 a awa. Cessna 180 an ƙera shi daga 1953 zuwa 1981 da jikin alminiyam da injin Continental O-470 mai ƙarfin doki 225 zuwa 230. A cikinsa Jerrie Mock ta zama mace ta farko da ta zagaya duniya ita kaɗai a 1964. Ƙanensa Cessna 185, wanda ya fito a 1961, daga baya ya sami inji mai ƙarfin doki 300. Sai Beaver na kamfanin de Havilland na Kanada, wanda ya fara tashi a 1947, aka ƙera guda 1,657, mai injin silinda tara a zagaye da ƙarfin doki 450. Beaver abin so ne, amma mansa da kayan gyaransa sun fi ƙarfin wanda zai fara, don haka na ajiye shi gefe.

Abin da ke sa a ƙaunace su shi ne komai nasu a fili yake. Wutar fulogi daga maganeto biyu take zuwa, kowace silinda da fulogi biyu, ko batir ya mutu inji ba ya tsayawa. A Super Cub da 180 mai yana gangarowa da kansa daga tankin fiffike zuwa kafireta, babu famfon da zai lalace. Wayoyin da ke juya jela da fukafukai kana iya bin su da ido da yatsa.

To mu zo kan zafi, domin nan ne babban bambancin. Ma'aunin da aka rubuta littafin jirgi da shi yana ɗaukar cewa zafi digiri 15 ne a gaɓar teku, yana raguwa da digiri 2 a kowace ƙafa 1,000. Bauchi tana kan tudun kimanin ƙafa 2,000, ke nan littafin yana tsammanin digiri 11. A watan Afrilu da rana tsaka muna iya ganin digiri 40. Bambancin digiri 29 ne, kowane digiri kuma daidai yake da ƙara ƙafa 120, sai a sami kusan ƙafa 3,500. Jirgin yana tsaye a Bauchi, amma inji da farfela da fiffike suna aiki tamkar a tudun ƙafa 5,500. Injin da ba shi da na'urar matso iska yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000, wato kusan kashi 16 sun tafi tun ba a saki birki ba, gudun da zai yi a ƙasa kafin ya ɗaga kuma ya ƙaru da fiye da rabi. Matuƙin Alaska da ke tashi daga bakin kogi a sanyin digiri 5 bai san wannan wahalar ba. Namu dole ya tashi da sassafe, ya rage kaya, ya kuma rage yawan man da ke cakuɗa da iska a inji kafin tashi yadda littafin jirginsa ya tsara.

Shi ya sa a ganina kuɗin farko ba na taya ba ne, na sanyaya inji ne. A sa na'urar da ke nuna zafin kan kowace silinda ɗaya bayan ɗaya, domin tsohon agogon da ya zo da jirgin silinda ɗaya kawai yake aunawa, kuma ba lallai ita ce mafi zafi ba. Jan layin Continental, wato iyakar zafin da ba a wucewa, digiri 238 ne, na Lycoming 260, amma mai son injinsa ba ya barin sa ya wuce 200. A canza robobin da ke kewaye da inji a ƙarƙashin murfi, waɗanda ke tilasta wa iska bi ta tsakanin silindu. Idan sun bushe ko sun lanƙwashe baya, iska sai ta zille ta sama, silindun baya su gasu. Gyara ne mai arha, kuma shi aka fi mantawa.

Sai ƙurar hunturu. Dokar tashi da ido tana neman a ga nisan kilomita 5, kuma duk ɗan Bauchi ya san akwai ranakun Disamba da Janairu da hazo ke ɓoye duwatsun da ke bayan gari. A irin ranar jirgi ya kwana a rumfa, babu jarumta a ciki. A cikin inji kuwa ƙura tana cin ringi da bangon silinda. Matatar iska ta soso da ake canzawa bayan awa 100 ko shekara, a wajenmu a riƙa duba ta kafin kowane tashi. Ga wani abu da ke kuɓuce wa mutane: idan aka ja maɓallin ɗumama kafireta, iskar da ke shiga ba ta bi ta matata. Saboda haka a filin ƙasa a gwada shi a taƙaice a mayar, kada a yi ta yawo da shi a buɗe. Amma kada a ce ƙasarmu da zafi a daina amfani da shi a sama, domin da damina, iska mai laima tana daskarar da ƙanƙara a maƙogwaron kafireta ko da zafin waje ya kai digiri 30. Baƙin mai a canza shi duk awa 50 idan akwai matata, awa 25 idan raga ce kawai, ko wata huɗu, duk wanda ya riga. A yanka tsohuwar matatar a buɗe takardarta a rana a nemi ɓurɓushin ƙarfe, a kuma aika ɗan man ɗakin gwaji: yawan sinadarin silikon yana nufin ƙura na shiga ta wata kafa.

Rana ce ta sa nake fifita Cessna 180, 185 ko ma 206 a kan Super Cub idan a gida ne, duk da son da nake yi wa Cub. Yadin zamani na roba ba ya ruɓewa kamar audugar da, amma hasken rana yana cinye shi, kariyarsa kawai ita ce shafen alminiyam mai launin azurfa da ke ƙarƙashin fenti. A leƙa cikin fiffike da rana: idan haske na ratsowa, shafen bai isa ba. Jirgin yadi da babu rumfa a Gombe asara ce. A nan beyar ke yaga yadi idan ta ji ƙamshin abinci, a can shanu da awaki ne za su lashe shi su tauna. Zanzaro ma abin tsoro ne, yana gina ɗakinsa a bututun auna gudu da kafar numfashin tanki cikin kwana ɗaya. Na farko yana sa agogon gudu ya yi ƙarya, na biyu yana hana mai gangarowa. Murfin da zai rufe su bai kai kuɗin cin abinci ba.

Manyan tayoyin nan na inci 29, 31 har 35 an yi su ne don duwatsun bakin kogi. Robarsu taushi gare ta, iskar cikinsu kaɗan ce, kwalta tana cinye su da sauri, suna kuma rage gudu. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa ba za su bar su ba. Taya mai lamba 8.50-6 mai kauri, da tib na ajiya da famfo a cikin jirgi, ta fi mana. Abin da ya cancanci kuɗi bayan sanyaya inji shi ne bel mai riƙe kafaɗu, domin tsofaffin jirage da na ƙugu kawai suka zo, sai na'urar kiran agaji mai aika sigina a zangon rediyo na megahaz 406, tunda tauraron ɗan'adam ya daina sauraron tsohon zangon megahaz 121.5 tun Fabrairun 2009. Ƙananan haƙoran da ake mannawa a saman fiffike don rage gudun da jirgi ke iya riƙe kansa suna da amfani, ba su da nauyi. Allon kwamfuta mai ƙyalli ya jira. Kowane sauyi kuma sai da takardar amincewar hukuma a kan wannan samfurin jirgin, a rubuta shi, a sake lissafin nauyi da daidaito.

Mai shi ne ƙashin bayan maganar. A Alaska filaye da yawa suna da famfon shuɗin fetur na jirgi, 100LL. A gida abin da ke filayenmu Jet A-1 ne, dangin kananzir, kuma idan ya shiga injin fetur, jirgin zai tashi lafiya sannan injin ya tarwatse daga ciki bayan 'yan mintuna. A ɗiga man a farar takarda: fetur na jirgi yana bushewa tas, kananzir yana barin maiƙo. Wanda zai riƙe 180 sai ya tanadi durom-durom, ya kuma san cewa durom mai lita 200 tafiyar awa huɗu ce kawai. A kwantar da su a inuwa, a tace, a haɗa waya tsakanin durom da jirgi kafin zubawa, saboda busasshiyar iskar hunturu tana tara wutar da ke haifar da tartsatsi. Tsofaffin 180 da 185 tankin roba gare su, yana yin ninki yana ɓoye ruwa, don haka a girgiza fiffike a sake tsiyaya har sai an daina ganin ɗigo. Akwai takardar izinin amfani da fetur na mota ga wasu injinan O-320 da O-470, amma ba ga mai ƙarfin doki 300 ba, kuma sharaɗi ne babu sinadarin etanol a ciki. Gwajin mai sauƙi ne: ruwa kashi ɗaya a kwalba, a yi masa alama, fetur kashi tara, a girgiza, idan ruwan ya haura alamar, a bar man. Fetur na mota kuma ya fi saurin zama tururi a bututu idan ana zafi, abin da ya sa ni ban natsu da shi a bazara ba.

Wajen saye, littafin tarihin jirgi ya fi fenti daraja. Injin O-320 ana sabunta shi bayan awa 2,000 ko shekara 12, yawancin O-470 bayan awa 1,500. Kada ƙarancin awa ya ruɗe ka: injin da ya shekara biyar a ajiye ya fi wanda ke tashi kullum haɗari, musamman Lycoming, wanda sandar da ke buɗe bawul take sama, mai ya tsiyaye ya bar ta ga tsatsa. Tayar da shi a ƙasa ba ya magani, sai an tashi awa guda mai ya kai digiri 80 ya kore laima. Makaniken da kai ka ɗauka, ba na mai sayarwa ba, ya auna matsin silindu, ya zura kyamara ciki. A Cub ya duba tsatsar cikin sandunan da ke tallafe fiffike da bututun ƙasa kusa da jela. A Cessna ya duba akwatin da ƙafafu ke shiga, da layin kujera, domin idan ramukansa sun cinye, kujera tana zamewa baya lokacin tashi matuƙi ya ja sitiyari da ita.

Ba mu rasa tushe ba. Jirgi ya sauka Kano tun 1925, kwalejin Zariya da aka kafa a 1964 tana horar da matuƙa da injiniyoyi, an kuma harhaɗa ƙananan jiragen Air Beetle a Kaduna. Abin da babu shi ne jama'ar ƙananan masu jirgi. Mutum ɗaya ba zai iya ba, amma mutum biyar ko shida, da makanike mai lasisi ɗaya, da rumfa ɗaya, za su iya sa jirgi ya riƙa tashi kowane mako. Sai rajistar 5N, wato lambar jiragen Nijeriya, daga hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA, da horo na musamman kan jirgi mai tayar jela, wanda nauyinsa ke bayan manyan tayoyi, da an yi sakaci wajen sauka sai ya juya da kai. A gida kuma ba a sauka inda aka ga dama kamar nan, fili sai da izini, ga yanayin tsaro.

Filin kansa ba ya son kwalta. Littafin 180 yana ba da kimanin mita 370 don tashi a tsallake bishiya mai ƙafa 50, a gaɓar teku da cikakken kaya. A zafin Bauchi ya kusa mita 600. A ƙara rabin haka saboda ciyawa da kuskuren ɗan'adam, sai a share mita 900 a jar ƙasa mai tsakuwa, ba baƙar laka mai riƙe taya da damina ba, a fuskantar da shi gabas maso arewa inda iskar hunturu ke fitowa, a kewaye shi saboda dabbobi, a sa wani ya bi shi da ƙafa yana duba gidan gara da ramuka kafin kowace sauka.