Tsagar Filin Kurket a Gem Zane Ce Kawai

Abin haushi a gem ɗin kurket da samari ke bugawa a shagunan Garwa shi ne wurin jifa, tsirin nan mai yadi 22. A zahiri, wasan Test, wato doguwar karawa tsakanin ƙasashe, kwana 5 ne, ƙasar tsirin kuma canjawa take. Ranar farko akwai danshi da ciyawa, ɗinkin ƙwallo ya kama ƙasa ya kauce. Zuwa rana ta 4 ta bushe ta tsattsage kamar bakin Binuwai da rani, sawun masu jifa ya farfasa ta, wani ƙwallon ya yi tsalle, wani ya bi ƙasa. A gem fa? Ƙwallo ya faɗa kan tsaga ya wuce sumul. Haba! Filin Perth na Ostareliya mai tsalle da na Chennai a Indiya mai ƙura duk tashinsu ɗaya.